Tambayi Bakanike: Zafi a Kan Hawa, Iska a Layin Gas

Jama'a, assalamu alaikum. Tunda bazara ta kama, wasiƙun da ke zuwa wannan shafi suka koma iri biyu: ko mota tana tafasa, ko tana mutuwa a hanya ba gaira ba dalili. Na tsamo guda biyar. Wasu na rage musu tsawo saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Ina jan 911 mai bodin katako, ina ɗaukar shanu daga Potiskum zuwa Kudu, in dawo da manja ko katako. A shimfiɗaɗɗiyar hanya lafiya lau take, amma da na kama Hawan Kibo za ni Jos, sai allurar agogon zafi ta tafi ja, ruwa ya fara amai. Bakanikena ya cire tamostat (bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji), ya ce ƙasarmu ba ta sanyi ba ce, amma ban ga canji ba. Yanzu ya ce sai an sauke tof, wato kan inji. Me ka gani? Daga wani direba, Potiskum.

Amsa: Ɗan'uwa, kada a sauke tof ɗin nan tukuna. Injin 911, wato OM352 mai silinda shida da lita 5.7, tun 1964 Mercedes ta fara ƙera shi, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke kan titinmu haɗin kamfanin ANAMMCO ne na Inugu, daga farkon shekarun 1980. Inji ne mai haƙuri ƙwarai. In ka ga a kan hawa kaɗai yake zafi, to sanyin da yake samu ya ishe shi aikin rabin ƙarfi, bai ishe shi cikakken aiki ba. Gaskit, wato shimfiɗar da ke like tsakanin tof da jikin inji, na iya jawo haka, amma shi ne mafi tsada, don haka shi za a duba a ƙarshe.

Fara daga waje. Da daddare ka sa yaron mota ya riƙe tocila a bayan lagireto, ta wajen fanka, kai kuma ka tsaya ta gaba kana kallo. Duk inda haske bai keto ba, iska ma ba ta wucewa ta nan. Motar shanu ce: ga ƙura, ga ƙaiƙayi, ga gashi da ƙwari, in kuma baƙin mai na ɗan tsartuwa sai ya dame su su zama laka a cikin saƙar. A wanke ta daga wajen inji zuwa gaba, kuma kada mai wanki ya matso da injinsa kusa, ƙarfin ruwan yana kwantar da ganyen saƙar ya ƙara toshe ta.

Sai fambel, wato bel ɗin da ke juya fanka. Danna shi da babban yatsa a tsakanin fuli biyu da suka fi nisa da juna; kada ya lotsa fiye da santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In gefensa yana ƙyalli, ko ya nutse har yana taɓa gindin ramin fuli, yana sulɓi ko da an ɗaure shi tam. Ka kuma duba ko kwanon nan da ke kewaye da fanka yana nan. Sau da yawa in an cire lagireto sai yara su ƙi mayar da shi don yana da wuyar ɗauri, a jefa shi bayan gareji. In babu shi, fanka iskar gefe take ja, ba ta cikin lagireto ba, kuma a kan hawa, inda mota ke rarrafe, fanka ce kaɗai ke kawo iska.

Yanzu murfin lagireto, wanda kusan kowa ke rainawa. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100 a bakin teku. Jos tana kan tsayin wajen mita 1,200, a can kuwa wajen digiri 96 ya tafasa. Murfi mai lafiya yana riƙe matsi a cikin lagireto: ana auna matsin da ma'aunin da ake kira ba (bar). In matsin rabin ba ne, ruwa ba ya tafasa sai wajen digiri 111, in ba ɗaya ne, sai wajen 120. Ka ga ke nan, motar da robar murfinta ta tsage, ko sifirin ɗinsa ya mutu, ko aka toshe bakin da tsumma, tana hawa dutse ne da ruwan da ke saurin tafasa daidai lokacin da inji ya fi ba da zafi. Akwai lamba a jikin murfi. Ka sayi mai lambar da aka tsara wa motar. Mai lamba sama da haka kuma sai ya fasa maka tsohon tiyo.

In waɗannan duk lafiya, cutar tana ciki. Bayan tafiya, ka kashe inji, ka bi saƙar lagireto da tafin hannu a hankali. Ya kamata zafin ya zama bai ɗaya, sama ta fi ƙasa. In ka ji wani fili sanyi ƙalau a tsakiya, bututun wurin sun toshe. Wannan aikin mai gyaran lagireto ne: ya narkar da darma, ya cire tankin sama, ya zura siririn ƙarfe a kowane bututu ɗaya bayan ɗaya. Ka tsaya a kansa, kuma ka ƙirga layukan da aka kashe da darma a baya saboda yoyo. Wani lagireton in aka buɗe sai ka tarar an kashe kusan kashi ɗaya cikin huɗu, to wannan sai dai sabuwar saƙa. Ka kuma sa a ba ta wuta kana kallon tiyon ƙasa. In ya yi laushi yakan shanye ya manne, famfo ya rasa ruwan ja.

Tamostat kuwa a mayar da shi. Maganar cewa don ƙasar sanyi aka yi shi ta daɗe tana yawo a gareji, kuma ba haka ba ne. Yana buɗewa a wajen digiri 80. Kafin nan ruwa yana zagaye cikin inji ta wata gajeriyar hanya don ya yi saurin ɗumi, kuma a yawancin irin waɗannan injina, idan ya buɗe shi ne ke rufe gajeriyar hanyar ya tilasta wa ruwa bi ta lagireto. Ka cire shi, wani kason ruwan zafi ya riƙa komawa inji bai ga lagireto ba. Da asubar hunturu kuma inji ya yi ta tafiya a sanyaye, yana shan gas yana cin ringi. In ana zargin ya mutu, a jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta. Kafin ruwan ya tafasa za ka ga ya buɗe baki. Bai buɗe ba, a sayi wani.

Alamun gaskit ga su: ka cika ruwa da safe, ka tada mota murfi a buɗe, ka ga kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, ko tiyon sama ya yi tauri nan take alhali inji bai yi ɗumi ba, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ko farin hayaki da ba ya yankewa, ruwa kuma yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba. In ka ga ɗaya daga ciki, bakanikenka ya yi gaskiya, a sauke, kuma a kai tof ɗin a auna ko ya lanƙwashe kafin a sa sabon gaskit.

A kan hawan kansa, ka sauko giya tun kafin inji ya fara nishi, domin da gudun inji fanka da famfo ke juyawa. In allura ta hau, ka faka ka bar ta a silo, wato inji na aiki a hankali, kada ka kashe nan take, sai fa in fambel ya tsinke ko ruwa ya zube. Kada a buɗe murfi da zafi. Yaran mota nawa ne suka ƙone fuska a haka. Kuma kada a kwara ruwan sanyi cikin injin da ya ƙafe yana huci, nan ne tof ke tsagewa.

Tambaya: Malam, maigidana ya rasu ya bar mana tifa, da ita muke riƙe marayu. Direba ya ce kullum da safe ba ta tashi sai yaro ya daɗe yana buga famfon hannu, wani lokaci kuma tana cikin tafiya da yashi sai ta yi sanyi ta mutu. An canza filta sau biyu. Yanzu an ce a kai famfon injekta gyara, kuɗin kuma da yawa. Ni ban san komai a mota ba. Daga wata baiwar Allah, Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah Ya jiƙan maigida, Ya raya abin da ya bari. Ki riƙe kuɗinki tukuna. Motar da ke tashi in an buga famfon hannu, kuma ta yi aiki da ƙarfinta bayan ta tashi, galibi famfon injektarta lafiya yake. Iska ce ke shiga layin gas.

Daga tanki zuwa ƙaramin famfon da ke jikin babban famfon injekta, zuƙo gas ake yi, ba turo shi ba. Saboda haka in akwai ɗan tsagu a wannan sashe, gas ba ya ɗiga waje balle a gani. Iska ce ke shiga ciki. Da daddare gas ya sulale ya koma tanki, da safe layi ya zama wayam. Shi ya sa direba zai iya rantse miki cewa ya duba babu yoyo, kuma gaskiya ya faɗa.

Ga gwajin da zai raba gardama, kuma ba ya cin ko sisi. A samo jarka mai tsabta da gas mai kyau, a ɗaure ta a wuri mai tsayi, a ja tiyo daga cikinta kai tsaye zuwa ƙaramin famfon, a fitar da iska, a bar mota ta kwana a haka. In da safe ta tashi bugu ɗaya, matsalar tana tsakanin tanki da famfo. Wani gwajin kuma, a sa guntun farin tiyo da ake ganin cikinsa a layin, a tada mota a zuba ido. Ƙwayoyin iska za su riƙa wucewa a jere.

Wuraren da iskar ke shiga sanannu ne. Washar jan ƙarfe da ke kan notocin layi, wadda ake cirewa a mayar har ta daina kamawa. Duk sanda aka kwance, sabuwa ake sawa. Robar ƙaramin kofin gilashi da ke ƙarƙashin famfo, mai rariya a ciki. Robar murfin filta, musamman tunda kin ce an canza sau biyu, wataƙila an mayar da tsohuwar ko ta karkace. Shi kansa famfon hannun, in ya tsufa ko ba a murɗa kansa an kulle bayan an gama bugawa ba. Sai bawul ɗin da ke kan layin da ke mayar da rarar gas tanki, da kuma bututun ƙarfe inda yake gogar shasi.

Mutuwa a cikin tafiya kuma tana iya zama daga tankin. In ta mutu, direba ya buɗe murfin tanki nan take. In ya ji ya ja iska fuu, ƙofar numfashin tankin ce ta toshe. Na sha sauke tanki in tarar da guntun leda ko tsumman da aka taɓa toshe baki da shi yana yawo a ciki. Mota na ja sai ya manne a bakin bututu, ta mutu ya saki, a tada ta ta tashi kamar ba ita ba. Irin wannan sai a sauke tanki a wanke.

In za a fitar da iska, a bi tsari: a sassauta notin kan filta, a buga famfon hannu har gas ya fito ba kumfa, a ɗaure; sai na jikin famfon injekta, haka nan. In ta ƙi tashi, a sassauta bututu biyu ko uku a bakin nozul, wato abin da ke fesa gas cikin silinda, a yi kik har gas ya tsarto, a ɗaure. Kada a riƙe kik fiye da daƙiƙa 15 a lokaci guda. Ki kuma hana su fesa maganin sauro ko kanga tsumman fetur a bakin iska don ta tashi. Tana tashi kam, amma bugun da take yi a lokacin ringi da fistin ne ke biyan kuɗinsa.

In duk an yi wannan ba a dace ba, sannan a kai famfo wurin masu injin gwaji. Kuma duk abin da aka ce an canza, ki ce a kawo miki tsohon. Ba zargi ba ne, dukiyar marayu ce.

Tambaya: Baba, ni ɗan koyo ne. Ogana yana zuba Omo a lagireto ya ce yana wanke shi, in yana yoyo kuma ya fasa ƙwai a ciki. Ruwan rijiya muke sawa. Daidai ne? Daga Maraɗi.

Amsa: Ɗana, kada ka je ka yi wa oganka gardama a gaban mutane, amma ka riƙe wannan a ranka. Ka leƙa cikin butar shayin da aka daɗe ana dafa ruwan rijiya a ciki, ka ga farin ɓawon da ya kama gindinta. Shi ne ke kama bututun lagireto da hanyoyin ruwa na cikin tof, ya hana zafi fita. Garin sabulu yana iya cire maiƙo in baƙin mai ya shiga ruwa, amma ba ya narkar da wannan ɓawo, kuma in ba a ɗauraye sosai ba kumfarsa tana hana famfo jan ruwa, gishirinsa kuma yana cin ƙarfe.

Abin da ya dace shi ne ruwan lagireto na kanti, kore ko ja. Ba don ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba. Akwai maganin tsatsa a ciki, kuma in an haɗa shi rabi da rabi da ruwa, tafasarsa takan kai wajen digiri 107 ko babu matsin murfi. Ka karanta jikin galan, wani an riga an sirka shi. In babu hali, ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta ko ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki sun fi na rijiya nesa ba kusa ba.

Ƙwai da garin barkono dabarar daji ce, ta kai ka gari. In ka iso a zubar, a wanke, a like wurin da darma, don yadda suke toshe huda haka suke toshe bututu. Ka kuma saba duba ɗan ramin da ke ƙarƙashin famfon ruwa: in yana ɗiga, ko ka kama fanka ka ji tana girgiɗi, famfon ya kusa.

Tambaya: Oga, ina ɗauko albasa daga Galmi zuwa Kumasi da tsohuwar DAF. Na sa an buɗe mata famfo don ta ƙara ƙarfi. Ta ƙara, amma yanzu baƙin hayaki take yi, tana zafi, filta kuma ba ta daɗewa. Wani lokaci ina shan gas a bakin hanya. Daga wani direba, Zangon Kumasi.

Amsa: Maigida, ai ka amsa tambayarka da kanka. Baƙin hayaki gas ne da bai sami iskar da za ta ƙone shi ba. Da aka murɗa notin famfon aka ƙara mata gas, ba a ƙara mata iska ba, ba a kuma ƙara girman lagireto ba. Ɗan abin da ya ƙone ya ba ka ƙarfin da ka ji, saura ya zama hayaki da zafi, wani kuma ya wanke baƙin man jikin silinda ya gangara ƙasa. Masu neman maganin zafi a lagireto kaɗai sukan manta cewa daga layin gas wutar take fitowa. Taimin, wato lokacin da ake fesa gas cikin silinda, in ya yi baya ma haka yake sa zafi, nozul mai ɗiga maimakon feshi kuma har fistin yake hudawa.

A mayar da famfon kan ma'auninsa a injin gwaji, a duba taimin, a gwada nozul duka. Wajen gwajin kada kowa ya tara hannu a feshin. Matsinsa yakan kai ba 200 ko fiye, yana huda fata ya shiga nama, kuma wanda ya same shi asibiti za a kai shi nan take ko da ramin bai fi na allura ba. Sannan a duba filtar iska. Hanyarka ta ƙura ce, in hunturu ya shigo kuwa ba a magana. In ta takarda ce, a hura daga ciki zuwa waje a hankali, in ta huje a jefar. Ka bi tiyoyin tobo ma, tsagu kaɗan ya isa ya zubar da iskar.

Gas ɗin 'yan bumburutu kuma, na san tun da farashi ya ninka a 2022 kowa ke neman sauƙi, amma araha ba ta ado. Ka riƙa yawo da farar kwalba. Kafin a juye maka, a zuba kaɗan a ajiye minti goma. Ruwa ya fi gas nauyi, zai kwanta a ƙasa ka gan shi da layinsa. In ya yi dishi-dishi, ko ka murza a yatsa ka ji ba santsi, ko warin kananzir ya fito, ka haƙura. Gas ɗin ne da kansa ke shafa wa cikin famfo da nozul mai. Kananzir ba shi da wannan santsin. Baƙin yauƙin da kake gani a filta kuwa ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa a inda ruwa da gas suka haɗu a gindin tanki, kuma muddin ruwan na nan za ka yi ta sayen filta. A wanke tanki, a sa matatar da ke raba ruwa da gas mai kofi a ƙasa, yaro ya riƙa tsiyaye ta kowace safiya. In da hali ka kwana da tanki a cike, don raɓa na taruwa a jikin tankin da ba komai a ciki, balle in ka gangara yankin damshi.

Tambaya: Akori-kurata 504 mai fetur tana mutuwa da tsakar rana in na tsaya a cunkoso, sai na ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon mai take tashi. Daga wani mai jigilar hatsi, Dawanau.

Amsa: Alhaji, fetur ɗin ne ke tafasa a cikin bututu ya zama tururi, famfo kuwa ruwa yake iya turawa. Tsumman yana sanyaya shi ya koma ruwa. A duba ko an taɓa canza layin mai aka bi da shi kusa da bututun salansa. In haka ne a janye shi, a naɗe shi da abin da ke tare zafi. A tabbata farantin da ke tsakanin famfo da jikin inji, da wanda ke ƙarƙashin kafireto, suna nan. Famfon da robarsa ta gaji ya fi saurin yin haka, filtar da ta toshe ma tana taimakawa. In an gyara waɗannan ba ta daina ba, ran da ta mutu ka taɓa kwayil. In ba ya taɓuwa don zafi kuma wuta ba ta zuwa fulogi, shi za a canza.